Sarauniya ta labari da Sarauniya ta Lugu

A shekara ta 1980 aka buga littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia a birnin Paris. Marubucin ɗan Gudumariya ne, ɗan jam'iyyar Sawaba, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku saboda siyasa. Kafin fitowar littafin, sunan Sarauniya Mangu bai yi nisa da ƙasar Arewa ba, wato kewayen Dogon Dutsi. Bayan fitowarsa, da kuma fim ɗin da Med Hondo ya ɗauka a Burkina Faso a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, sai ta zama ta kowa: ɗan lakwal na Damagaram ya san ta kamar yadda na Tawa ya san ta.

Mai karatun da ya fara da wannan ƙagaggen labari yakan rufe shi da ƙirji cike da alfahari. Ya ga mace jaruma mai kwari da baka, wadda ta ƙi sunkuyawa lokacin da sarakuna maza ke neman sulhu ko gudu, ya kuma ga rundunar Voulet da Chanoine ta wargaje kamar asirinta ne ya bi ta. Damuwa tana zuwa ne ranar da ya buɗe littattafan tarihi.

A can zai tarar da cewa an gwabza a Lugu ranar 16 ga Afrilu 1899, kuma bindiga ta rinjayi kibiya. An ƙone garin, mutanensa suka shige kurmi tare da Sarauniya. Rundunar ta ci gaba zuwa gabas, ta yi wa Birnin Ƙwanni kisan gilla a watan Mayu. Abin da ya karya ta ya faro ne daga wasiƙar wani hafsa, Péteau, wanda aka kora daga tafiyar ya tona ta'asar da ake yi. Gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya karɓi jagoranci; Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, sannan sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine da Voulet kusa da Mai Jirgi, ɗaya bayan ɗaya, cikin kwana uku. Wata uku ke tsakanin Lugu da wannan ƙarshe. Sauran rundunar kuwa ba ta koma gida ba: ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yulin. Mutumin Zinder ba ya bukatar a tuna masa da wannan.

Nan ne mai karatu yakan ji kamar an yaudare shi, sai ya juya wa Mamani baya. Amma in ya daure ya duba inda masana suka samo bayanansu, fushinsa zai canja wuri. Mafi yawan abin da aka rubuta kan tafiyar ya fito ne daga rahotannin hafsoshin Faransa da tunanin da suka rubuta daga baya, irin littafin Joalland na 1930 kan abin da ya faru a Dankori. A waɗannan takardu Sarauniya ba ta samu fiye da ƴan layuka ba, kuma a matsayin tsohuwar matsafiya ta fito. Sun ƙidaya harsasan da suka harba da sojojin da suka rasa. Sunayen mutanen Lugu da suka faɗi ba su dame su ba. Littafin tarihin da aka gina kan irin wannan tushe yana da kwanan wata daidai, amma idon maharbi ne ya ga abin.

Akwai Sarauniya ta uku, kuma ita ce ta fi rikita mai karatu. Binciken da aka yi kan al'adun Mawri, tun daga aikin Marc-Henri Piault na 1970, ya nuna cewa Sarauniya muƙami ne, ba sunan mace guda ba. Shugabar addinin Azna ce, mai kula da alaƙar mutane da ƙasa da iskoki. Ana zaɓen sabuwa ta hanyar tarkama, inda ake cewa gawar marigayiya ce ke jan masu ɗauke da ita zuwa ga magajiyarta. Zamanta na ɗaki ne, da lulluɓi da kaɗin auduga, ba na fagen fama ba. Mamani ya ɗauki wannan mace ya ba ta ƙuruciya da makami, domin irin jarumar da ƙasa mai neman abin tinƙaho za ta gane ke nan. Ya ɗaukaka sunanta, amma ya rufe ainihin abin da ya sa mutanenta ke tsoronta suna kuma girmama ta.

Wani abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne addini. Mai karatu Musulmi na Maraɗi ko Tasawa yana son jarumtar, amma bautar iskoki tana sa shi ɗari-ɗari, balle da littafin bai sassauta wa sarakunan Musulmi da suka tsane ta ba. Shi ya sa Sarauniyar da ta fi yawo a bukukuwa da jawabai ita ce mai baka, wadda aka wanke daga bori. Sunan ya hau gidan rediyo da talabijin a Yamai, yayin da Lugu kanta ta daɗe tana ƙaramin ƙauye da matasa ke bari.

Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, kan hanyar Zinder zuwa Yamai. Masu nazari irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun bi sawun yadda labarinsa ya bazu har ya shiga littattafan lakwal da bakin jama'a, ta yadda mai neman tarihin baka a yau zai iya jin abin da marubuci ya ƙaga ana ba shi a matsayin abin da kakanni suka faɗa.