Yadda daji ya kuɓuce wa maharba: daga gandun Turawa zuwa filin atisayen soja

1/ Jama'a, yau bari in ɗan ja mu tarihi. Ni ɗan Nasarawar Burkullu ne, ƙasar Bukkuyum. Yaranmu da yawa sun tashi ba su taɓa ganin an fita farauta ba, sai labari. Sun ɗauka 'yan bindiga ne suka fara hana mu daji. A'a, abin ya girme su. Ku biyo ni.

2/ A da, daji na da masu shi. Akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, shi ka ba da izini. In damina ta wuce, an yi girbi, ciyawa ta bushe, sai a buga gangar gayya. Matasa su fito da karnuka da gora da kwari da baka, masu hali da bindigar toka. Gada, barewa, zomo, zabon daji, wani lokaci har gwanki.

3/ Kuma abin ba nama kaɗai ba ne. Maharbi shi ya san inda ruwa ka kwana da rani, shi ya san saiwar maganin sarar maciji, shi ka gane sawun baƙo. In ɓarawo ya kore shanu, shi ake kira ya bi sawu.

4/ Rufewa ta farko ta zo da Turawa. A 1916 aka yi dokar kare namun daji, aka kuma ci gaba da shata gandun daji. Kamuku ta Birnin Gwari an keɓe ta a 1936. Dajin Kogin Kano, wanda muka sani da Falgore, a 1949. Yankari a 1956. Bayan 'yanci gwamnatin Arewa ta yi tata dokar a 1963.

5/ Nan Zamfara namu shi ne Kuyambana, wajen Ɗansadau, maƙwabcin Kamuku. Daga ranar da aka shata iyaka, mai gadin daji ya fi Sarkin Baka iko. Mutumin da kakansa ya yi farauta a wurin ya koma mai laifi in ba shi da lasisi. Sai dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna.

6/ Gaskiya dokar tana da hujja. Bindiga ta yawaita, mutane sun ƙaru, manyan dabbobi na ƙarewa. Matsalar ita ce an kori masu tsaron gargajiya, kuma ba a ci gaba da biyan na gwamnati yadda ya kamata ba. Ma'aikata kaɗan, ba mota, ba makami. Daji ya zama marar uba.

7/ Mun ga wanda ya gaje shi. Sambisa gandun namun daji ce kafin Boko Haram ta mai da ita hedkwata. Kamuku, Kuyambana, Rugu, Falgore duk suka zama mafakar ɓarayin shanu. Wajenmu kuma Gando da Sunke, sunayen da yanzu sai a labarin hari ake jin su.

8/ Nan soja ya shigo. A Yulin 2016 Buhari da kansa ya zo Ɗansadau ya ƙaddamar da Harbin Kunama. A Disamban 2016 aka ce an karɓe Camp Zairo a Sambisa, a 2017 soja suka yi gasar harbi a cikinta. A 2017 ɗin dai, zamanin Buratai, aka mai da Falgore filin horar da soja.

9/ To wa zai shiga wurin da ake luguden harsashi da kare da gora? Ko ba a kafa allo ba, an rufe. Mu nan ba a ce dajinmu na soja ba ne, amma a 2021 an hana jirage bi ta samaniyar Zamfara sai na yaƙi. Daga sama, maharbi da bindigarsa da ɗan bindiga kamarsu ɗaya. A ƙasa kuma ɗan bindiga ya ce kai ɗan sa-kai ne.

10/ Maharba da dama suna nausawa kudu neman nama. Kun tuna Uromi, jihar Edo, Maris 2025: mafarauta 16 'yan Kano aka kashe a hanyarsu ta dawowa gida sallah, don an gan su da bindigogin farauta.

11/ Abin takaici, in aiki ya yi tsanani su ake nema. A Adamawa maharba sun taya soja ƙwato Mubi a 2014. Ana son saninsu na daji, amma sana'ar da ta haifi sanin an bar ta ta mutu.

12/ Ban ce a buɗe wa kowa daji yau ba, rai ya fi nama. Roƙona shi ne in zaman lafiya ya dawo, a zauna da sarakunan baka na Anka, Gummi da Bukkuyum kafin a sake shata iyaka, a ba su aikin gadi da albashi.

13/ Kafin nan, wanda ke da tsoho maharbi a gida ya ɗauki waya ya naɗi muryarsa: sunayen tafkuna, duwatsu, hanyoyi, itatuwa. In akwai a garinku ku faɗa mini a ƙasa, mu tattara. Allah Ya ba mu lafiya.