Boskone: Taron Da Farin Jini Ya Kusa Kashewa

Yau na ɗan ajiye ci gaban littafinmu, zan kai ku birnin Boston na Amurka mu ga tarihin wani taro na masoya ƙagaggun labaran al'ajabi da na kimiyya, wato dangin Iliya Ɗan Maiƙarfi a wurinmu. Sunan taron Boskone.

Wata ƙungiyar makaranta mai suna Stranger Club ce ta fara shi a 1941, aka yi ta yi har 1945, sannan ya mutu. Sai a 1965 aka farfaɗo da shi, daga baya ƙungiyar NESFA da aka kafa a 1967 ta karɓi ragamarsa. Sunan kuwa an aro shi ne daga littattafan Lensman na E. E. Smith, inda Boskone ke nufin rundunar miyagu. Raha ce kawai, don ya yi kama da Boston a kunne.

To, sai taro ya yi farin jini. A 1987 mahalarta suka haura 4,000, da yawansu ba littafi ya kawo su ba, shagalin dare suka zo yi. Aka yi ta kunna ƙararrawar gobara ba gaira ba dalili, har otal ɗin ya ce a kai kasuwa. Dole a 1988 aka kwashe zuwa garin Springfield, aka ƙayyade yawan masu shiga, aka tsaurara dokoki.

Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba suka ɓalle suka kafa nasu taron a Boston a 1990, suka raɗa masa Arisia, sunan abokan gabar Boskone a waɗancan littattafai. Kun ji baƙar magana irin ta makaranta! Shi kuwa Boskone sai a 2003 ya dawo cikin Boston.

Ni dai a ganina NESFA ta yi daidai, ko da yake ta rasa matasa da yawa. Taron da 'yan sa kai ke ɗauke da shi, idan ya fi ƙarfin hannunsu, ko dai su rage shi ko ya rushe a kansu. Masu shirya tarukan marubutanmu, ina fata kuna ji.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.