Kaboyin Nijar: Fim ɗin Mustafa Alasan da Martabarsa

A shekarar 1966 Mustafa Alasan, ɗan Jamhuriyar Nijar da aka haifa a N'Dounga a 1942, ya fitar da "Le Retour d'un aventurier", wato dawowar ɗan yawon duniya. Fim ne gajere, bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba, kuma masana da dama na ɗaukarsa a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya shirya.

Labarin wani saurayi ne da ya dawo gida daga Amurka da tsarabar malafuna, takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Samarin suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da rashin kunya ga manya, har rigima ta ɓarke a tsakaninsu. Djingarey Maiga da Zalika Souley na cikin 'yan wasan. Duk wanda ya taso a karkarar Funtuwa ko Malumfashi zai gane zafin abin: doki, wanda aka saba gani a hawan salla cikin ado da girma, ya koma abin hawan 'yan ta'adi a tsakiyar gari.

Da farko fim ɗin bai samu kulawar da ta dace da shi ba. A shekarar 1966 ɗin ce Usman Sembene na Senegal ya fitar da "La Noire de...", wanda ya lashe kyautar Jean Vigo a Faransa, hankalin masu sharhi kuwa ya karkata can. Aikin Alasan sai aka riƙa kallonsa kamar barkwanci kawai. Ita ma Zalika ta sha tsangwama a gida saboda irin rawar da take takawa, kamar yadda Rahmatou Keita ta nuna a fim ɗin da ta yi kan tarihin Zalika, "Al'lèèssi".

Daga baya ra'ayi ya sauya. Manazarta sun lura cewa Alasan ya ari kayan kaboyi ne don ya nuna yadda silima ke raba matasa da tarbiyyar gidajensu, batun da ake ta muhawara a kansa a ƙasar Hausa har gobe. Alasan ya rasu a Wagadugu a 2015, kuma a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki na nuna finafinansa. Masu shirya finafinan Hausa ya kamata su nemi wannan fim su kalla.