Zango da Bakin Teku: Hausawa, Jiragen Bayi da Lissafin Kamfanonin Turawa a Gaɓar Kwatano

1.0 Gabatarwa

An san unguwar Jonquet da Zongo na birnin Kwatano da harkokin tudu: tashar mota, 'yan canji, masu tsire, dillalan dabbobi da masallatai. Kalmar Zongo ita kanta daga “zango” ta fito, wato wurin da ayarin fatake kan sauke kaya su huta kafin su ci gaba. Saboda haka duk lokacin da aka zo tarihin Hausawan wannan yanki, hankali yakan koma arewa, zuwa Kano da Katsina da hanyar goro. Amma daga Jonquet zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce kaɗan, kuma wannan tekun ma yana riƙe da wani kaso na tarihin Hausawa. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan zamanin jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska a wannan gaɓa, domin nuna cewa zaluncin da aka tafka a cikinsu tsararre ne, a rubuce yake cikin littafin lissafin kamfanoni, sannan a ga yadda Hausawa suka faɗa cikin wannan tsari da yadda suka yi masa bore.

2.0 Wida da Kamfanonin Turawa

Kafin Kwatano ta zama gari, babbar tashar yankin ita ce Wida, mai tazarar kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Faransawa da Ingilishi da Fotugis kowa ya gina nasa sansani mai ganuwa a garin. Na Fotugis an kafa shi a 1721. A 1727 Sarkin Dahome Agaja ya ci ƙasar da yaƙi, cinikin ya koma ƙarƙashin ikonsa. Masanin tarihi Robin Law ya ƙiyasta cewa daga wajen 1670 zuwa wajen 1860 an fitar da mutane fiye da miliyan ɗaya ta wannan tasha kaɗai.

A wancan zamani gaɓar ba ta da matsayar jiragen ruwa. Jirgi yakan tsaya can nesa, a riƙa kai masa bayi cikin kwalekwale ta tsakiyar igiyar ruwa mai ƙarfi, wadda sau da yawa takan kifar da su. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan ciniki a farkon zamani su ne kamfanoni masu izinin sarauta, irin su Royal African Company na Ingila, wanda aka kafa a 1672, da Kamfanin West Indiya na Holan.

3.0 Mutum a Littafin Lissafi

A 1694 wani jirgi mai suna Hannibal, wanda Royal African Company ya ɗauko haya, ya yi lodin mutane kimanin 700 a Wida. Kyaftin ɗinsa, Thomas Phillips, ya rubuta labarin tafiyar da hannunsa. Ya bayyana yadda ake yi wa kowane bawa lalas da ƙarfe mai zafi, mai ɗauke da harafin farko na sunan jirgin. Ya kuma bayyana dabararsu ta hana bore: maza a ɗaure su bibbiyu da mari muddin jirgi na kusa da ƙasa, sannan a sayo wasu bayi daga gaɓar Gana ta yau, masu wani harshe dabam, a ba su bulala su zama masu gadin na Wida. Duk da haka, wasu sun faɗa ruwa da gangan, wasu kuma sun ƙi cin abinci har suka mutu.

Kafin jirgin ya isa tsibirin Barbados, atini da agana sun kashe bayi kimanin 320. Abin lura shi ne yadda Phillips ya auna wannan musiba. A lissafinsa, kowane mamaci ya jawo wa kamfani asarar fam goma, masu jirgi kuma fam goma da sule goma, domin sai bawa ya isa da rai ake biyan kuɗin dakonsa. Jimlar asarar ta haura fam dubu shida, kuma ita ce ta fi ci masa rai.

A watan Janairun 1722 ɗan fashin teku Bartholomew Roberts ya auka wa jirage goma sha ɗaya a gaban Wida, ya nemi kowanne ya fanshi kansa da garin zinariya. Kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya. Sai 'yan fashin suka banka wa jirgin wuta, alhali akwai bayi kimanin 80 ɗaure a ciki, don sun ga kwance marin zai ɓata musu lokaci. Waɗanda suka tsere wa wuta suka faɗa ruwa, manyan kifaye suka cinye su. Shi kansa Roberts tsohon ma'aikacin jirgin bayi ne, haka ma da yawa daga cikin mutanensa, waɗanda duka da yunwa da ƙarancin lada suka sa suka juya wa iyayen gidansu baya. Amma tawayen nasu bai kai ga na ƙasan jirgi ba. Hasali ma, da sojojin ruwan Ingila suka kashe Roberts a watan Fabrairu na shekarar, aka rataye mutanensa 52 a Cape Coast, baƙaƙen fatan da ke cikin ƙungiyar sayar da su aka yi.

Misali mafi muni shi ne na Leusden, jirgin Kamfanin West Indiya na Holan, wanda ya yi lodi a Elmina. A ranar 1 ga Janairu, 1738, ya kafe a kan rairayi a bakin kogin Marowijne na ƙasar Suriname. Da ruwa ya fara shiga, sai ma'aikata suka kora bayin ciki, suka buga ƙusoshi a ƙyamaren, don gudun kada su fito su ƙwace ƙananan jiragen tsira. Mutane 664 suka nitse. Ma'aikatan sun tsira da akwatin zinariyar kamfani, har aka ba su tukuici, 'yan bayin da suka rayu kuma aka kai su kasuwa. Tsoron da ya sa aka buga ƙusoshin yana da tushe, domin masana sun ƙiyasta cewa kusan jirgi ɗaya cikin kowane goma ya gamu da bore.

4.0 Yadda Hausawa Suka Iso Bakin Teku

Mutanen da ke cikin waɗancan jirage galibinsu 'yan ƙasashen kusa da gaɓa ne. Hausawa ba su fara isowa da yawa ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, ta hannun daular Oyo, wadda ke tura su zuwa Porto-Novo da Badagiri da Ikko. Yaƙe-yaƙen jihadin da ya fara a 1804 sun ƙara yawan kamammu daga kowane ɓangare. A lokacin manyan kamfanonin sun riga sun rushe, harkar ta koma hannun attajiran Bahiya ta ƙasar Burazil, irin su Francisco Félix de Souza, wanda ya taimaki Gezo ya hau gadon sarautar Dahome a 1818. Sai dai tsarin bai sake ba: lalas, mari, da lissafin kai.

A nan ne labarin ya taɓa Kwatano. Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, jiragen yaƙinta suka riƙa sintiri a gaban Wida, dole masu fataucin suka nemi wasu mafita a gefe. A zamanin Gezo ne ƙauyen Kutonu, wanda sunansa a harshen Fon ke nufin bakin kogin mutuwa, ya fara bunƙasa a matsayin irin wannan mafita.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa Turawa ba su shiga ƙasar Hausa ko Bargu suka kamo kowa ba. Sarakuna da mayaƙa da dillalai na ƙasar nan ne suka miƙa su hannu zuwa hannu, kuma a cikin fataken akwai Hausawa. Hanyar da ta ɗauko kanwa da tufafi ita ce ta ɗauko bayi.

5.0 Baquaqua da Boren Bahiya

Mahommah Gardo Baquaqua ɗan Jugu ne, garin da ke arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, wanda a da babban zango ne a kan hanyar Gwanja. Mahaifiyarsa 'yar asalin Katsina ce. An sa shi a jirgi kusa da Wida a 1845, aka sauke shi a Pernambuco. A tarihin rayuwarsa da aka buga a Detroit ta Amurka a 1854, ya ba da labarin ƙishirwar da suka sha da dafaffiyar masarar da ake ba su, da yadda ake tsaga naman wanda ya yi gardama a shafa barkono. Daga baya wani kyaftin ya saye shi ya sa shi aiki a jirginsa mai suna Lembrança, inda ya sha bulala. A 1847 jirgin ya kai kofi birnin New York, Baquaqua ya fice, kotu ta ce a mai da shi, amma ya gudu daga kurkuku ya isa Haiti. Ya yi shekaru yana neman hanyar komawa gida. Labarinsa ya yanke a Ingila a 1857.

A Bahiya kuwa Hausawa sun yi bore a ƙungiyance. A watan Mayun 1807 gwamnan lardin ya bankaɗo wani shiri nasu a birnin Salvador, wanda a cewar rahotonsa ya haɗa da ƙwace jirage a tasha domin komawa Afirka. A watan Fabrairun 1814 suka ƙone matattarar masunta a Itapuã, kuma takardun hukuma sun kira jagoransu “malomi”, kalmar da masani João José Reis ya danganta da “malam”. A watan Janairun 1835, cikin azumi, aka yi babban boren Musulmi da ake kira na Male; Yarabawa ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa. Bayan an murƙushe shi, an koro 'yantattu da yawa zuwa Wida da Porto-Novo da Ikko, kuma ana ganin tasirin ginin Burazil a babban masallacin Porto-Novo.

6.0 Kammalawa

Cinikin ya mutu sannu a hankali. Burazil ta rufe ƙofarta a 1850, kamfanonin Marseille irin su Régis suka mai da hankali ga manja, yarjejeniyoyin 1868 da 1878 suka share wa Faransa hanyar mallakar Kwatano. Ko a 1860, jirgin Clotilda ya ɗauki mutane 110 daga Wida zuwa Alabama, masu shi suka ƙone shi don ɓoye shaida, sai a 2019 aka tabbatar da ɓaraguzansa.

Wannan tarihi ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Bayin da jiragen sintiri suka ƙwato an sauke su a Saliyo, kuma a wurin Hausawan cikinsu ne J. F. Schön ya fara koyon harshen da ya buga ƙamusunsa a 1843. Ke nan farkon rubutun Hausar boko yana da alaƙa da mutanen da aka fito da su daga ƙasan jirgi. Saboda haka duk mai nazarin zanguna, daga Jugu zuwa Jonquet, ya kamata ya haɗa da waɗanda aka bi da su ta wannan hanya a ɗaure, waɗanda bakin teku ne ya zame musu zango na ƙarshe a ƙasarsu.