Ganyen Ƙarfe: Tarihin Shukar da Ta Saba da Gida Mai Duhu

Duk wanda ya tashi a Sabo ya san yadda gidajenmu suke. Tun da aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a Badun a 1916, fili bai ƙaru ba, mutane ne suke ta ƙaruwa. Ɗaki ya jingina da ɗaki, bene ya tsaya inda da can akwai bishiya, tsakar gida ta koma siririn lungu da rana ba ta leƙowa sai wajen azahar. Duk da haka muna son ɗan kore a ƙofar ɗaki. Sai uwargida ta ciri kuɗi ta sayo fulawa mai jan fure a bakin titi, ta ajiye a baranda, kafin wata biyu ta bushe. Daga nan sai ka ji ana cewa, ai ni hannuna ba ya karɓar shuka. To, sau da yawa ba laifin hannu ba ne. Shukar rana aka kai inuwa.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. Mutanen biranen Ingila sun sha fama da ita shekara ɗari da hamsin da suka wuce, kuma sun sami mafita a wata shuka da masana ke kira Aspidistra elatior. Turawa sun yi mata laƙabi da sunan ƙarfen zubi, wato irin baƙin ƙarfen nan mai nauyi da ake yin dutsen guga na gawayi da shi, saboda wuyar mutuwarta. Ba ta da suna a Hausa, don haka a nan za mu riƙa ce mata ganyen ƙarfe. Mun ga ya dace mu kawo tarihinta, domin wanda ya san inda ta fito ba sai an karanta masa dogon sharaɗi kan yadda zai kula da ita ba.

Kamanninta ba su da wani ado. Ba ta da kara ko reshe. Saiwarta mai kauri ce, tana tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa kamar ta citta, kuma kowane ganye daga jikin saiwar yake fitowa kai tsaye a kan siririn tsinkensa. Ganyen kore ne shar mai duhu, yana da sheƙi da tauri, tsayinsa daga ƙasa kan kai santimita 60.

An daɗe ana ɗauka daga ƙasar Sin take, amma inda aka same ta tana fitowa da kanta a daji shi ne wasu ƙananan tsibirai a kudancin Japan, irin su Kuroshima da Suwanosejima da tsibiran Uji. A can tana shimfiɗe ne a ƙasan kurmi, ƙarƙashin manyan itatuwan da ba sa kaɗe ganye duk shekara. Kun ga ke nan tun asali ba ta san rana mai dukan kai ba. Ɗan hasken da ya zubo ta tsakanin rassa, da shi ta saba rayuwa.

Japanawa sun daɗe da kawo ta gida. Suna kiranta haran, kuma tun zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, tana da gurbi a fasaharsu ta jera furanni da ganyaye a cikin kasko, wadda suke kira ikebana. Da ganyenta ɗalibai da yawa suke fara koyo, saboda yana lanƙwasuwa kuma yana daɗewa bai yi yaushi ba. Masu abinci ma sun riƙe ta, musamman a yankin Osaka, inda ake shimfiɗa ganyen ƙarƙashin shinkafa da kifi, ko a yanka shi a raba abinci da abinci a cikin akwati ɗaya. Wannan ba zai zama baƙon abu ga ɗan Sabo ba. Mu ma da ganyen fita iyayenmu suke lulluɓe goro a cikin huhu ya tafi Arewa bai bushe ba, kuma da ganye maƙwabtanmu Yarabawa suke ƙulle alale har gobe. Abin da ya faru da mu ya faru da su: yau a yawancin akwatunan abinci na Japan, ɗan koren roba mai baki kamar zarto ne ya maye gurbin ganyen, kamar yadda leda ta kori ganye a kasuwanninmu.

Shigarta Turai ta zo a farkon ƙarni na 19. A 1822 wani masanin tsirrai ɗan Ingila, John Bellenden Ker Gawler, ya raɗa wa dangin sunan Aspidistra, daga kalmar Girkanci mai nufin garkuwa, saboda wani sashe na furen ya yi kama da ƙaramar garkuwa. Wadda ya bayyana a lokacin 'yar'uwarta ce, Aspidistra lurida. Ita kuwa tamu, Carl Ludwig Blume ne ya ba ta suna a ƙasar Holan a 1834. A wancan zamani Japan a rufe take ga Turawa, 'yan Holan kaɗai aka yarda su yi ciniki a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki.

Abin da ya ɗaga darajarta shi ne halin da gidajen Ingila suka shiga a zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901. Mutane sun bar ƙauyuka sun cika birane don aikin masana'antu. Gidaje a manne da juna, tagogi da labule masu kauri, ana ƙona kwal don ɗumi da girki, ana kunna fitilar gas da dare. Gas ɗin nan daga kwal ake yin sa, kuma abin da yake saki a cikin ɗaki yana sa yawancin tsirrai su kaɗe ganye su mutu. Ganyen ƙarfe ne ya tsaya. Ga duhu, ga hayaƙi, ga sanyi, ga mantuwar ban ruwa, duk bai hana shi zama kore ba. Nan da nan ya zama kayan falo. Ana sa shi a tukunyar tagulla ko ta tangaran a bakin taga, mai wucewa ya gani ya san gidan nan akwai rufin asiri. Uwa takan raba saiwar ta ba 'yarta idan za ta tare, har tukunya ɗaya ta ga jikoki.

Abin da ya yi yawa kuwa ba ya rasa masu yi masa dariya. A 1936 George Orwell, marubucin littafin nan da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi, ya fitar da wani labari mai suna Keep the Aspidistra Flying. Jarumin labarin matashi ne da ya tsani bautar kuɗi, yana ganin shukar a matsayin tutar masu neman a ce da su mutanen kirki. Ya yi ta ƙoƙarin kashe wadda ke ɗakin hayarsa, har da kashe mata guntun taba a jiki, ta ƙi mutuwa. Ƙarshenta da ya yi aure, shi da kansa ya nemi a sayo ta. A 1938 mawaƙiya Gracie Fields ta yi waƙar barkwanci a kan wata asfidistira da ta fi kowace girma a duniya. Waƙar ta karɓu har ta kai ga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingilishi suka sa wa wata babbar na'urar watsa shirin rediyo suna Aspidistra. An kafa ta kusa da Crowborough a kudancin Ingila a 1942, ƙarfinta kilowat 600, ana aika farfaganda da ita cikin Jamus. Bayan yaƙi BBC ta ci gaba da amfani da ita har 1982.

Da wutar lantarki ta kori fitilar gas, gidaje suka yi haske, sai yayi ya koma kan wasu tsirrai, ganyen ƙarfe ya zama kayan tsofaffi. Amma bai ɓace ba. A kudancin Amurka, a birane irin su New Orleans, ana shuka shi a fili ƙarƙashin manyan itatuwa inda ciyawa ba ta fitowa, a Florida kuma ana noma shi a yanki ganyen a sayar wa masu haɗa furanni. Masana ma sun gano ashe ba su san dangin ba sosai. Wajen 1980 jinsin da aka sani bai wuce goma ba, yau sun haura 200, yawancinsu a kudancin Sin, musamman lardin Guangxi, da kuma Biyetnam.

Ko furenta ma an daɗe ana kuskure a kansa. Mutane da yawa sun riƙe ta shekaru ba su san tana fure ba, domin a gindi yake fitowa, daidai da ƙasa, ɗan ƙarami mai launin shuni da ya yi duhu. An yi ta rubuta cewa katantanwa ce ke kai masa ƙurar haihuwa. Sai a wani bincike da aka buga a 2018, Kenji Suetsugu na Jami'ar Kobe da abokin aikinsa suka nuna cewa a tsibirin Kuroshima wasu ƙananan ƙudaje ne masu bin naman kaza suke wannan aiki. Furen ne yake yaudararsu, su ɗauka naman kaza ne.

Yanzu ga ire-irenta, kuma sunayen da yawansu na Japananci ne, domin Japanawa ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna ware duk wadda ta fito da wani zane na dabam.

Ta farko ita ce koriya zalla, uwar sauran. Ita ce ta zauna a falon Ingila, ita ce ta fi jure duhu, kuma ita muke ba mai farawa shawara ya nema. Sai Variegata da Okame, masu ratsin fari a tsaye daga gindin ganye zuwa baki. Suna da kyau, amma farin wurin ba ya sarrafa haske ya zama abinci, saboda haka sun fi jinkirin girma kuma suna son wuri mai ɗan haske. Idan aka cika musu taki, sabon ganye kan fito kore, ratsin ya ɓace. Akwai Asahi, ma'ana hasken safiya, wadda saman ganyenta ke yin fari kamar an barbaɗa gari. Farin ba ya bayyana sai shukar ta girma ta kafu, kuma ya fi fitowa da sanyi, don haka mu da ke ƙasar zafi kada mu biya kuɗi mai yawa a kan alkawarin farin da ba mu gani da ido ba. Hoshi-zora, wato sama mai taurari, babba ce mai ɗigo-ɗigon fari jefi-jefi. Lennon's Song daga Florida ta fito, ganyenta siriri da ratsi mai ruwan ɗorawa a tsakiya. Wadda ake sayarwa da sunan Milky Way kuwa ɗigonta ya fi yawa, ganyenta ya fi ƙanƙanta, kuma masana sun ce yawanci wani jinsi ne dabam a cikin dangin.

Kula da ita duk yana cikin tarihin nan. 'Yar ƙasan kurmi ce, to a ba ta inuwa: baranda mai rufi, zaure mai taga, gindin mangwaro, gefen katangar da rana ba ta duka. Ranar Badun ta fi ta tsibiran Japan zafi nesa ba kusa ba, kwana kaɗan za ta ƙone ganyen ya yi fari-fari. Abu na biyu da ke kashe ta shi ne yawan ruwa. Tukunya ta zama mai huda a ƙasa, a gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen ganye, kuma kada a ƙara ruwa sai an tura yatsa an ji saman ya bushe. Da damina a janye ta daga bakin indararo. Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashin tukunya a zubar, kada garin neman ado mu yi kiwon sauro. Lokacin hunturu a goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta sauri, ganye kaɗan take ƙarawa a shekara, shi ya sa babbar tukunya take tsada. Hanya mai sauƙi ita ce ta matan Ingila na da: a yanki saiwa mai ganye biyu ko uku daga wadda ta cika tukunya, a dasa.

Abu biyu muke so a kiyaye. Na ɗaya, jure hayaƙi dabam, tsarkake iska dabam. Babu shukar da za ta kare mutum daga hayaƙin janareta. Janareta waje ake ajiye shi, nesa da taga, ko da falon ya cika da ganye. Na biyu, a san abin da ake saye. Akwai masu faɗin ganye da yawa da suka yi kama da ita. A duba gindin: idan ganyayen sun fito daga kara ɗaya ko sun taru a dunƙule wuri guda, ba ita ba ce.

In kuma an zagaya wurin masu fulawa ba a samu ba, kada a damu. Muna da tamu ta gida, wato moda, mai dogon ganye a tsaye kamar takobi, wadda magabata suke fitar da zare daga jikinta su yi igiya da tsarkiyar baka. Asalinta nan yankinmu ne na Afirka ta Yamma, tana jure inuwa da ƙishirwa, kuma Turawan da suka ɗauko ganyen ƙarfe daga Japan sun ɗauki moda ma sun kai falonsu. Ko wacce aka samu a cikin biyun, a fara da tukunya ɗaya a inda rana ba ta kaiwa. Idan Allah ya sa ta kafu ta cika, a raba saiwar a miƙa wa maƙwabciya.