Adam Cooper

Adam Cooper (an haife shi ranar 22 ga watan Yuli, 1971) ɗan rawa ne, mai tsara rawa, kuma ɗan wasan kwaikwayo daga ƙasar Ingila. Ya fara suna ne a rawar bale, wato rawar dandamali ta Turai wadda ake ba da labari da motsin jiki ba tare da magana ba. Daga baya ya koma wasan kwaikwayo na waƙa da rawa, inda dole ɗan wasa ya yi magana, ya rera waƙa, ya kuma taka rawa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Cooper a unguwar Tooting da ke kudancin Landan. Tun yana yaro ya koyi rawar buga ƙafa, wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa. Ya yi karatu a makarantar Arts Educational, sannan ya wuce Royal Ballet School.

Aiki a Royal Ballet

Ya shiga ƙungiyar Royal Ballet a shekarar 1989, kuma a 1994 ya kai matsayin babban ɗan rawa, matsayi mafi girma a ƙungiyar. Ya fito a wasannin Kenneth MacMillan irin su Romeo and Juliet da Mayerling, ya kuma yi rawa da Sylvie Guillem da Darcey Bussell.

Swan Lake

A 1995 Matthew Bourne ya sake tsara Swan Lake, tsohon wasan da Tchaikovsky ya yi wa kiɗa. A al'ada mata ne ke fitowa a matsayin swan, wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya. Bourne ya sa maza, ƙirji a buɗe, sanye da wandon gashin tsuntsu. Cooper ne ya fara fitowa a matsayin babban tsuntsun, da kuma Baƙon da ke hargitsa liyafar fada. An buɗe wasan a gidan Sadler's Wells a watan Nuwamba na wannan shekarar.

Wannan wasa ne ya sauya masa hanya. A 1997 ya ajiye matsayinsa a Royal Ballet yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya zama mai cin gashin kansa. Wasan ya je Broadway a birnin New York a 1998, kuma a 1999 Cooper ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Tony ta gwarzon ɗan wasa a rukunin wasan waƙa da rawa, duk da cewa bai furta kalma ko ɗaya a cikinsa ba. A fim ɗin Billy Elliot na shekarar 2000, shi ne Billy bayan ya girma, a fitowar ƙarshe.

Wasannin waƙa da rawa

A 2002 ya tsara rawar On Your Toes a birnin Leicester, ya kuma fito a matsayin jarumin. An kawo wasan Royal Festival Hall a 2003. A nan ne rawar buga ƙafar da ya koya yana yaro ta yi masa rana. A 2006 ya fito a matsayin Sky Masterson a Guys and Dolls. Ya fito a matsayin Don Lockwood a Singin' in the Rain, matsayin da Gene Kelly ya yi suna da shi a fim ɗin 1952, a Chichester a 2011 da gidan Palace na Landan a 2012, inda yake rawa ana zubo ruwan gaske a kan dandamali. A 2019 ya sake aiki da Bourne a The Red Shoes.

Iyali

Cooper ya auri Sarah Wildor, tsohuwar babbar 'yar rawa a Royal Ballet, wadda ta fito tare da shi a On Your Toes a Landan.