Yadda Ɗakin Shiru Ya Samu Gurbi a Zanen Turai

Kafin ƙarni na 15, yawancin masu zane a Turai da gwaiduwar ƙwai suke kwaɓa launi, ita kuwa nan da nan take bushewa. Da masu zanen yankin Flanders, irin su Jan van Eyck, suka ƙware wajen kwaɓa shi da mai, sai aiki ya sauya. Fentin mai ba ya gaggawar bushewa, ana iya shafa shi siriri-siriri, wani bisa wani, har inuwa ta narke cikin haske ba a ga iyakarsu ba. Zanen Arnolfini da matarsa da van Eyck ya yi a 1434 ya nuna haka: hasken taga yana shigowa a hankali, madubi yana can bango.

Kasuwar zanen cikin gida kuwa a Holand ta buɗe, cikin ƙarni na 17. Majami'un Furotesta sun daina sa a yi musu hotuna, 'yan kasuwa kuma sun yi kuɗi, suna son abin ratayawa a bangon gida. Sai aka koma zana gidan kansa. Johannes Vermeer na garin Delft ya zana mata suna zuba madara ko karanta wasiƙa a bakin taga. Ya rasu a 1675 da bashi a wuyansa, sunansa ya dushe, sai a 1866 wani marubuci Bafaranshe, Thoré-Bürger, ya farfaɗo da shi.

Wanda ya kai abin maƙura, a ganina, shi ne Vilhelm Hammershøi ɗan Denmak. Ya je Holand a 1887, ya ga aikin magabata, amma ya ɗauki haskensu ya bar musu kayan ado. Daga 1898 zuwa 1909 yana zaune a gida mai lamba 30 a titin Strandgade, Copenhagen, yana ta zana ɗakunan gidan da launin toka da fari da baƙi. Ga ƙofa a buɗe, bayanta wata ƙofar. Matarsa Ida takan tsaya ta ba mai kallo baya. Wannan juya baya shi ke riƙe ni: ba fuskar da za ta gaya maka ko baƙin ciki ake ko hutu, dole ka tsaya ka saurari ɗakin. A wani zanensa na 1900 ma ba kowa, ƙura ce kawai cikin hasken rana.

Bayan rasuwarsa a 1916 shi ma an yi watsi da shi a wajen ƙasarsa, har nune-nunen Paris a 1997 da Landan a 2008 suka jawo masa sababbin masoya.